Abin da Raneye Ta Ci

Tun motar ba ta shawo kwanar layinmu ba na ji ta. Ba kukan salansa ba ne, wannan duk unguwarmu ta Turaki an saba da shi. Wata ƙara ce daga can cikin cikinta, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana daka a turmin da ya tsage.

Peter mai walda, wanda muke raba inuwar mangwaro ɗaya da shi, ya ɗage gilashin fuskarsa ya saurara.

"Manga, saniyar kakanka yana zuwa," in ji shi. "Yau kam ba tari ba ne. Wannan ciwon ƙashi ne."

Saniyar da yake nufi farar Fijo ce, a-kori-kura. Kakana Alhaji Albarka, mahaifin uwata, ya saye ta a shekarar da Jalingo ta zama babban birnin jiha, lokacin da ma'aikata suke ta kwararowa daga Yola kowa yana neman mai kwashe masa kaya. Ya sayar da rabin garkensa ya sayi motar, ya sa mata sunan farar saniyar da ya fi so, Raneye. Bai iya tuƙi ba, bai kuma taɓa sha'awar koyo ba. Amma kullum da safe shi yake goge ta da hannunsa, ya zagaya ta yana shafawa, yana yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Direbanta Sajo ne, mijin autar Alhaji, wato yafendona Hamna.

Motar ta tsaya a gabana tana rawar jiki. Alhaji ya fito ta ɓangaren mai zaman banza da sandarsa. Sajo ya fito ta ɗaya ɓangaren, ya koma gefe ya tsuguna, kansa a ƙasa, kamar yadda yake yi duk inda surukinsa yake tsaye.

"Ɗan Aji Biyu," Alhaji ya kira ni. Sunan da ya raɗa mini ke nan tun da na ajiye makaranta. "Ka ce ka zama likitan mota. To ga marar lafiya."

"Tsoho, da ka bari ta mutu tukuna, sai ka kawo ta jana'iza gaba ɗaya."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Saurara ka ji." Ya nuna Sajo da sanda ba tare da ya kalle shi ba. "Duk wata galan guda na baƙin mai nake saya, da hannuna nake ba wannan. Direbobin tasha sun gaya mini inji ba ya irin wannan kuka sai an bar shi da ƙishi. To ina man yake zuwa? Ko shi yake shanyewa?"

Na zaro sandar gejin mai na goge, na mayar, na sake zarowa. Mai yana nan daidai kan alama. Na nuna wa Alhaji.

"Yau da safe ya cika, don ya san nan za mu zo," in ji shi. "Ka buɗe ta har ciki. In ka ga ƙishi ne ya kashe ta, makulli ya bar hannunsa. Ina da sauran shanu a wajen Bali, suna neman mai bin su."

Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi. Sajo Bafillace ne a baki kawai. A unguwar Sintali cikin gari aka haife shi, a tasha ya girma, ko maraƙi ya zuba masa ido sai ya canja hanya. Ga Hamna da ciki ya fito. In aka karɓe makullin nan, ba aikin kawai ya rasa ba, har gidansa sai ya tashi zuwa daji.

Na ce Sajo ya tayar da ita. Na ɗauko dogon sukuddirebana, na kafa bakinsa a jikin inji, na manna mariƙin a kunnena. A sama, wajen bawul, 'yar ƙara ce siririya irin ta kullum. Da na sauko ƙasa sai na ji bugun yana dukan ƙashin kaina. Na ce ya taka totur kaɗan. Bugun ya ƙara sauri, ya bi injin kamar ganga tana bin mai rawa. Jar fitilar mai kuma tana ƙyafta ido duk sanda ya ɗage ƙafa.

"Tsoho, zo ka riƙe mini wayar nan ta fulogi."

"Na sha wannan bara, wuta ta ja ni," in ji Alhaji, ya ja da baya. "Har yanzu hannuna yana tuna ka. Riƙe abinka."

Peter ya yi dariya har ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa. Na ɗauki filaya mai roba na fara cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na cire ta farko, inji ya yi ɗingishi, bugun yana nan. Na mayar. Ta biyu, haka. Ina cire ta uku sai bugun ya yi laushi kamar an rufe shi da bargo. Na mayar, ya dawo da ƙarfinsa.

"Me ka gani?" Alhaji ya tambaya.

"Ƙafa huɗu gare ta a ciki, kamar saniya. Kowace ƙafa tana da gwiwa inda take kama kiranshaf, ƙarfen nan mai juyawa, a gwiwar kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai laushi, metal, shi ne guringuntsinta. Na ƙafa ta uku ya cinye. Ƙashi ne yake dukan ƙashi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Da harshen shanu kake magana da Alhaji in kana so ya ji ka.

"Ƙishi ne ya cinye shi?"

"Sai na buɗe. Metal ba ya ƙarya. Amma daga nan ba za ta ƙara taku ɗaya ba, in ba so kake ƙafar ta ɓullo ta haƙarƙari ba."

Ya miƙa hannu wajen Sajo, har yanzu bai kalle shi ba. Sajo ya zare makullin ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya jefa a aljihun gaba na babbar rigarsa, ya shafa goshin motar, ya tafi neman ɗan acaɓa.

Da rana na bi ta gidan kakannina a Kachalla Sembe, don can ne abinci ba ya tambayar mutum inda ya kwana. Na tarar da kakata Hajja Fanta a bakin murhu tana faɗa da tukunyar wake.

"Angona, yau sai haƙuri," in ji ta. "Waken nan tun safe yake kan wuta ya ƙi dahuwa. Kanwata ta sake yin ƙafa."

"Ɓeraye ne, amarya."

"Ɓera yana cin kanwa? A ƙwarya nake rufe ta, in ɗora faifai, in ɗora dutse. In na sayo dunƙule, kafin in waiga ya zama tsakuwa. Na zargi yaran maƙwabta har uwarsu ta daina gaishe ni."

Hamna tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Yafendona ce, amma tare muka yi wasan ƙasa, don haka ba na ba ta girman da take nema. Ranar kam ba ta nemi girma ba. Da Hajja ta shiga ɗaki sai ta jawo hannun rigata.

"Manga, wallahi yana zuba man. A gabana yake zubawa. In ma ka ga wani abu, ka ce ba ka gani ba."

"Sai ki ce Hamma Manga tukuna, kamar yayanki."

"Allah ya shirye ka. Ni uwarka ce."

"To uwata, ki shirya ƙwaryar tatsa. An ce Bali akwai sauro."

Ta jefe ni da murfin kwano. Na kauce, na ci wake mai tauri, na koma gareji.

Washegari muka fara aiki, ni da Sajo, Peter yana zuwa yana komawa. Na fara kwance ƙusar ƙasan inji na tsiyaye man a tsohon baho, na kai rana na karkata. Yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin zinariya. Wannan garin metal ne, ban yi mamaki ba. Na murza kaɗan tsakanin yatsuna sai na ji wani abu yana ƙaras-ƙaras. Wannan kam na yi mamaki.

Muka kwance lagireto da salansa da wayoyi, muka raba inji da giya. Na cire murfin saman inji, wanda bakin zuba mai yake jikinsa, na jingine shi a gindin bishiya. Muka ɗaura kaca a babban reshen mangwaro muka ja, inji ya fito yana lilo, muka sauke shi a kan tsohuwar taya muka kifa shi. Da na ɓamɓare kwanon ƙasa, sai ga wani caɓi a gindinsa, toka-toka, mai kauri kamar kunun da ya kwana. Rariyar famfon mai ta toshe saura 'yan ƙofofi.

Kafin in taɓa ko noti ɗaya na ɗauki ƙusa da guduma na yi wa kowane konrod, wato ƙafafun nan huɗu, alama, shi da murfinsa: ɗigo ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wanda ya taɓa haɗa murfin wannan da ƙafar wancan ya san dalili. Na kama na uku na girgiza, ya amsa mini, ƙwal. Sauran ma suna motsi fiye da yadda ya kamata, amma shi ne sarkinsu.

Na kwance su, na zare metal-metal ɗin, na wanke a kananzir, na jera su a kan kwali yadda suke a ciki. Sannan na tsuguna ina kallo.

Na sha ganin injin da ƙishi ya kashe. Metal ɗinsa yakan narke ya shafe kamar an goge shi da dutsen guga, ya yi baƙi, gindin konrod ya yi shuɗi saboda zafi, wani ma ya manne a kiranshaf sai da kurfi. Nan babu shuɗi ko ɗaya. Abin da ke nan zane ne, layi-layi a zagaye, a kan dukkansu, kamar kaza ta yi tono. A cikin farin ƙarfen mai laushi wasu 'yan ƙwayoyi sun nutse sun zauna. Na uku ya cinye har jan ƙarfen da ke ƙasa ya fito, ya zama siriri kamar ganye. Na ja farcena a kan kiranshaf, yana sarƙewa a kowane layi.

"Hamma Sajo, ka tsira daga ƙishi," na ce. "Amma motar nan ta ci yashi. Man bakin hanya kake saya?"

"Wanda Baba ya ba ni nake zubawa. A rufe yake zuwa."

"Ka taɓa barin murfin mai a buɗe a hanyar Zing?"

"A'a."

Na duba matatar iska, lafiya lau. Na yanka matatar mai, ta cika maƙil da irin wannan caɓin, har mai ya daina bi ta cikinta ya koma zagayewa da dattinsa. Yashi ya shiga da yawa, kuma ba rana ɗaya ya shiga ba. Ta ina, shi ne ban sani ba.

Peter yana da wata jar akuya da muke kira Sufeto, don babu abin da za a ajiye a garejin nan ba ta zo ta duba ba. Ina tsugune ina tunani sai na ji ƙarar gwangwani a bayana. Sufeto ta kayar da murfin saman injin da na jingine, ta sa baki a wajen zuba mai tana lasa da gaske, har tana lumshe ido.

"Kai, tafi," Peter ya daka mata tsawa. "Wannan akuya zai kashe kansa wata rana."

Na kore ta na ɗauki murfin. A kewayen bakin, a lungun da tsumma ba ya kaiwa, akwai wani farin gari da ya daskare. Na kankaro da farce na ɗora a harshe. Na tofar. Na sake ɗanɗanawa don in tabbatar. Sai tukunyar waken Hajja Fanta ta faɗo mini a rai.

Kanwa ce. Irin ta kasuwa, wadda rabinta ƙasa ce.

Na juya na kalli Sajo. Shi kuma ya sami wani abu mai muhimmanci a tafin hannunsa yana dubawa.

"Hamma Sajo."

"Ni ban ga komai ba."

"Ban tambaye ka ba tukuna."

"To ko ka tambaya, ban ga komai ba." Ya share gumi. "Ranar Juma'a ce ma na fi rashin ganin komai. Da safe, in ya aike ni sayen goro."

Peter ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Tun damina. Wata rana na dawo da wuri na hango shi ta katanga. Yana daka ta a kan dutse, yana zubawa da bismilla, yana cewa ta ci ta yi ƙiba." Ya ɗago ido karon farko. "Ina canja man a ɓoye in na samu hali, amma Juma'a ba ta ƙarewa. Manga, ka rufa mini asiri. Ka ce masa ƙishi ne. Zan je Bali."

"Ka san ta inda ake tatsar saniya?"

"Zan koya. Surukina ne. Da wane bakin zan sa a ce ya kashe motarsa da hannunsa? A gaban mutane? Gara shanun su tattaka ni."

Da gaske yake, shi ne abin haushin. Zai kwashi Hamna da cikinta ya kai ta bukka don kada tsoho ya ji kunya na minti ɗaya.

"Kai surukinsa ne," na ce. "Ni jikansa ne. Abin da ya haramta a bakinka, ni a kansa aka yanka mini rago."

"Manga, don Allah."

"Ban ji ba. Ni ma yau ba na jin komai."

Na aika wa Alhaji cewa ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na zaɓi ranar da gangan. Na san makiyayi ba ya zuwa duba saniya marar lafiya hannu rabbana. Na kuma roƙi Peter ya ɗaure Sufeto tun safe, kada ya ba ta komai sai ruwa.

Alhaji ya iso cikin farar babbar riga, yana ƙamshin turare. Da ya ga Raneye baki buɗe babu inji, sai ya tsaya ya dafa ta kamar mai ta'aziyya. Sajo ya tsuguna a inda ya saba.

"Hamma Sajo, kananzir ya ƙare," na ce, na miƙa masa galan. "Kada ka saya a nan kusa, nasu gauraye ne. Je ka bakin kasuwa."

Ya kalle ni kallon roƙo. Na kalli sama. Ya karɓi galan ya tafi yana waiwaye.

Na shimfiɗa wa Alhaji buhu a kan benci, na kawo kwalin gabansa. Na ɗauko wani tsohon metal na wata tasi da na ajiye, baƙi, narkakke, na ɗora kusa da nasa.

"Wannan ƙishi ne ya kashe shi. Dubi naka. Sun yi kama?"

Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki ɗayan. Idonsa bai tsufa ba, mutumin da yake gane saniyarsa a cikin ɗari tun daga nesa.

"Ba su yi ba," in ji shi. "Wannan ƙonewa ya yi. Nawa kuma kamar an yaƙushe shi."

"Ja farcenka a nan."

Ya ja. Ya ji ƙwayoyin.

"Yashi?"

"Yashi. Raneye ba ta taɓa kwana da ƙishi ba, Tsoho. Wani ne yake zuba mata abu ta baki. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

Fuskarsa ta canja. Ya miƙe tsaye da sandarsa.

"Maƙiyi," in ji shi a hankali. "Na san akwai masu baƙin ciki tun ranar da na kawo ta. Wane ne?"

"In an kama shi me za ka yi masa?"

"Alƙali. Amma kafin alƙali sai na ɗaure shi a turke a ƙofar gidana, rana ta gasa shi, duk Kachalla Sembe su zo su gan shi."

"Ko da babban mutum ne?"

"Ko da rawaninsa ya kai hasumiya."

"Ko da mai furfura ne, Baba?" Peter ya sa baki daga wajen waldarsa, murya kamar ta mai wa'azi.

"Furfurar banza. A aske ta a bainar jama'a."

"To madalla," na ce. "Mu nan garejin muna da mai bincike. Hancinta ba ya kuskure. Peter, a kawo Sufeto."

Peter ya kwanto akuyar. Na riƙe mata murfin saman inji, ta lasa sau biyu, na ɗauke na ɓoye a bayana. Ta tsaya tana buɗa hanci. Ta shinshina ni ta wuce. Ta shinshina Peter ta wuce. Sai ta miƙe kai tsaye wajen Alhaji, ta ɗora ƙafafun gaba a kan farar rigarsa, ta cusa baki cikin aljihun gefe har kunnuwa.

"Kay, kay," in ji Alhaji yana ja da baya. "Dabba ta san makiyayi, shi ke nan. Ku janye ta."

Sufeto ta fito da kanta da ƙullin tsumma a baki. Ta girgiza shi, ya kwance, dunƙulen kanwa ya faɗo ya gangara har gaban kwalin metal ya tsaya.

Peter ya sauke gilashin walda ya rufe fuskarsa, alhali ko wuta bai kunna ba.

Na ɗauki kanwar na murƙushe gefenta a tafin hannuna, na busa farin garin. Abin da ya rage yashi ne, ja-ja. Na zuba shi a kan metal na uku.

Alhaji ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon yashin.

"Tun ina yaro nake ba shanu kanwa," in ji shi daga baya. "Tana wanke ciki, tana kashe tsutsa, tana sa gashi ya yi sheƙi. Babu wadda ta taɓa yi mini ƙwal-ƙwal."

"Saniya tana da tumbi, Tsoho. Abin da ba ta so tana fitarwa ta baya. Wannan duk abin da ka ba ta yana nan yana zagaya gwiwoyinta."

"Wani direba ya ce mini suna wanke lagireto da ita. Na ce in tana gyara ruwa, ai jini ya fi buƙata. Baƙin mai ba shi ne jininta ba?"

"Shi ne. To da wanne za mu fara, turke ko aski? Peter yana da reza. Ko mu jira Hajja ta zo, tun da ita ma tana neman ɓarawonta?"

Ya ɗago da sauri.

"Hajja ba ruwanta da harkar mota."

"Har uwar yaran maƙwabta ta daina gaishe ta."

"Ɗan Aji Biyu, ni na yi maka huɗuba a kunne."

"Shi ya sa nake ji da kyau."

Ya yi ƙwafa, ya kai mini duka da sanda, na kauce. Na ga gefen gemunsa yana motsi, dariya tana neman hanya yana tare ta. Sai kuma ta tsaya da kanta. Ya kalli inda Sajo ya saba tsugunawa.

"Yaron nan ya sani?"

"Ya ce bai ga komai ba. Musamman ranar Juma'a."

"Kuma na ce zan kai shi Bali."

"Ya ce in gaya maka ƙishi ne. Ya ce zai koyi tatsa."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da bakin sanda. Sufeto ta zo tana lasar yatsunsa, bai kore ta ba.

"Da ya je ma," in ji shi can, "shanun ne za su sha wahala."

Muna haka Sajo ya dawo da galan, yana tafiya kamar mai zuwa karɓar hukunci. Ya ajiye ya tsuguna. Ya ga tsumman a ƙasa, ya ga Sufeto tana tauna, ya ƙara sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa gwiwa.

Alhaji ya gyara murya. Bai kalli Sajo ba, ni ya kalla.

"Likita ya gama bincike. Ashe yashi ne. Hanyoyin nan na yanzu duk yashi."

"Yashi ne, Baba," in ji Peter ta cikin gilashi. "Yashi mai ɗan gishiri."

Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro makullin.

"Manga, abin nan yana yaga mini aljihu. Ba wa wanda ya saba riƙe shi."

Na karɓa na miƙa wa Sajo. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya da Fulatanci, "Useko, Baba," da muryar da ba ta fita sosai ba. Alhaji ya amsa wa bishiyar mangwaro.

Aikin ya ɗauke mu kwanaki. Na kai kiranshaf wajen masu injin gogewa suka rage shi, na sayo metal mai kaurin da ya dace da ragin. Na wanke kowace hanyar mai da fetur da waya, na hura da famfon taya har sai da ya daina fitar da ƙasa. Ranar da muka mayar da inji, Sajo ya murza makulli, Raneye ta tashi tana gurnani a hankali, jar fitila ta mutu ba ta ƙara ƙyaftawa ba. Na kafa sukuddireba na saurara, sannan na manna wa Alhaji mariƙin a kunne. Ya lumshe ido yana ji kamar ana karanta masa albishir.

Da Sajo ya zagaya baya ɗaure kaya, Alhaji ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ta wajen ruwan fa? Ɗan kaɗan, ba kullum ba."

"A'a."

"Ko an tace?"

"Tsoho, in kana jin hannunka yana ƙaiƙayi ranar Juma'a, ga Sufeto nan. Ita tana da tumbi."

Yanzu duk Juma'a sai ya biyo ta garejin da ɗan ƙullinsa, wanda yake saya da kansa a kasuwa. Akuyar Peter ta yi ƙiba har gashinta yana sheƙi, kuma Alhaji ba ya wucewa sai ya nuna mini ita da sanda, ya ce in duba da kyau in ga abin da motarsa marar asali ta ƙi.

A gida kuwa, duk sanda ya fara zancen yadda na bar makaranta, na bar sayar da fetur, na bar acaɓa, sai in juya wajen murhu in ɗaga murya kaɗan.

"Amarya, wai kanwarki ta daina ɓata kuwa?"

"Ta daina, angona. Ka ga ikon Allah."

Sai Alhaji ya tuna bai yi alwala ba.